Ranar da Gwaggo Sulhu Ta Ƙi Buɗe Ƙofa

A layinsu, in aka yi faɗa da safe, kafin rana ta yi zafi Gwaggo Sulhu ta yafa mayafi, ta shiga gidan wannan, ta fito ta faɗa gidan wancan. Tela ce, amma keken ɗinkinta ya fi takalminta samun hutu. Mata da miji, mai gida da ɗan haya, har yara masu rigimar ƙwallo, duk sai ta sasanta su. Ba ta iya zama ba, ba ta kuma iya shiru ba.

Sai abin ya faɗo gidanta. Autanta, bakanike, ya yi rigima da wani direba a gareji, direban ya faɗi kansa ya fashe. Aka gurfanar da Auta a kotu da laifin raunata mutum. Babbar mai shaida kuwa ita ce Mai Kanti, aminiyar Gwaggo tun ƙuruciya, wadda shagonta ke kallon garejin.

Ranar da aka ba da beli, lauyar Auta, wata siririya mai gilashi, ta zaunar da Gwaggo a ofishinta.

"Inna, alƙali ya sa sharaɗi. Daga shi har danginsa, kada wanda ya yi magana da mai shaida sai an gama shari'a."

"Ai ba magana zan yi ba, 'yata. Haƙuri kawai zan ba ta."

"Haƙurin nan shi zai mai da shi gidan yari. A kotu sunansa hure wa shaida kunne. Kada ki je, kada ki aika, kada ki buga waya. Ko ita ta zo, ba ruwanki."

"Ko gaisuwa?"

"Inna, na fa ji labarinki. Gaisuwarki ba ta tsayawa a gaisuwa."

Wayyo, Gwaggo ta ga ta kanta! Ta hau keke ta sauka, ta share tsakar gidan da ta riga ta share, ta ɗinka hannun riga a baibai ta farke. Takan ɗauki mayafi har bakin ƙofa, sai ta waiwayo ta ga Auta zaune, ya rame, yana firgita duk sa'ad da mota ta tsaya a waje. Sai ta rataye mayafin. Kasuwa ma ta bayan layi take zagayawa, don kada ido ya haɗu da ido.

Wata rana da yamma tana ɗinki ta ji sallama. Muryar Mai Kanti ce, wadda ko cikin barci za ta gane.

"Yaya, ni ce. Buɗe mini, raina ba daɗi. Wallahi abin da na gani kawai na gaya wa 'yan sanda."

Gwaggo ta tashi, hannunta har ya kai kan sakata. Maganganu sun cika mata baki fal, masu daɗi, irin waɗanda ta saba kashe wuta da su. Ta tura gefen zanenta a baki ta cije.

"Na san kina ciki, Yaya. Na ji keke ya tsaya."

Ta amsa sallamar a zuci. Tana tsaye har ƙarar takalmin ta yi nisa, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta.

Amma layi da idanu. A zaman kotu na gaba, mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce an ga mai shaida a gidan wanda ake tuhuma, don haka a soke belin. Alƙali ya tambayi Mai Kanti ko wani daga gidan ya yi mata magana.

"Ranka ya daɗe, ni na kai kaina," in ji Mai Kanti, ba ta ko dubi inda Gwaggo take ba. "Matar da muka yi goyo tare. Ko sallamata ba ta amsa ba."

Alƙali ya bar belin yadda yake, ya ɗage shari'a.

A bakin kotu Mai Kanti ta zo wucewa dab da su, idonta ja. Gwaggo ta buɗe baki, ƙafarta har ta ɗaga. Lauya ta taɓa mata gwiwar hannu.

"Da saura, Inna."

Gwaggo ta damƙe hannun Auta da hannu biyu, tana kallon aminiyarta ta tsallaka titi ita kaɗai.