Shirun da Buraima Mosko Ya Nema

A zamanin jam'iyya ɗaya gwamnati ta tura Buraima Rasha ya koyo gyaran tarakta. Ya dawo Zongon Lome ba takardar shaida, sai baƙar kwat mai jela da wani faifan garmaho. Wai shi yanzu mawaƙin opera ne, wato wasan da ba a magana sai rerawa, ko mutuwa mutum zai yi sai ya ja baiti tukuna.

A cewarsa, wani ƙaton littafin mutanen can aka mayar wasan waƙa, kuma ya tsaya a dandali ɗaya da manyan mawaƙansu, maza masu murya kamar tsawa. Da aka matsa masa, ashe bara ya fito, mai riƙe tiren shayi a baya. Ko ƙungiyar raye-rayen jam'iyya, da ba ta ƙin kowa, sallamarsa ta yi don yana danne muryar mutane. Tela ya zama a kasuwar Adawlato, yana taka keke yana kururuwa.

Mutum ɗaya ce ta yarda da shi, gwaggonsa Hasanatu mai waina, wadda ta raine shi. Duk wanda ya ce "Buraima Mosko" yana dariya, ita ke tare wa Buraima faɗa. Ita ta roƙi a ba shi fili ranar bikin ƙanwarsa Asiyatu, Zongo ya ji da kunnensa a daina ce masa ya dawo hannu wofi.

Ranar ya sa kwat ɗin nan cikin zafin Lome, ya tsayar da masu kalangu, ya dafe ƙirji ya ɓarke da Rashanci. Kai! Muryar kam akwai ta, har 'yan dariya suka yi tsit. Daɗi ya kama Hasanatu. Ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta kwance bakin zane ta nufe shi ta liƙa masa a goshi, yadda ake girmama kowane mawaƙi. Mata suka taso bayanta.

Gogan naka ya katse waƙa, ya ture hannunta.

"Gwaggo, don Allah zauna! A Mosko ko tari ba a yi. Wannan ai ƙauyanci ne!"

Tsohuwa ta duƙa ta tsince kuɗin da suka faɗi, ta koma tabarma. Matan ma suka koma. Buraima ya ƙarasa waƙarsa, ba guɗa, ba liƙi, ba ko uffan. Sakaran sai murna, a ransa ya ce yau ya wayar da Zongo. Ya sunkuya har ƙasa yana jiran tafi.

Da ya ɗago, baya kawai ya gani, kowa na neman takalminsa. Hasanatu ce ta ƙarshen tashi.

"Gwaggo, ya kika ji?"

Ta dube shi, ta sa yatsa a leɓe, ta wuce. Har ta rasu, gaisuwarsa kawai take amsawa, ita ma da ka.