Na'urar da Ta Nuna Garken Malam Buba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku abokan aikina malaman dabbobi, musamman ƙannena da suka shigo bayanmu, ga abin da na ga ya wajaba in bar muku.

Har yau, bayan na ajiye aiki, ban manta da ranar da muka tara makiyaya a ofishinmu na Ƙaraye ba. A lokacin ni ne babban malamin dabbobi mai kula da wayar da kai. Aikina shi ne shiga rugage, da duba shanu, da nuna wa makiyaya alamomin cututtuka don su gane su da wuri. Da tsohon majigi muke nunawa, wanda hotonsa ya yi dishi-dishi, har Ardon Kurugu ya taɓa tambayata ko saniya ce nake nuna masa ko jaki.

Da aka ba sashenmu babban talabijin, sai Dokta, shugaban sashe, ya kira ni ya ce: "Malam, ka je Kano ka zaɓo mana na'urar da za ta riƙa jawo bidiyo daga kwamfutar ofis zuwa talabijin. Kai ne mai natsuwa a cikinmu."

Mai shago ya nuna mini iri biyu. Ta farko sai an zuba mata bidiyo a filashi, abin da aka ba ta kaɗai take nunawa. Ta biyu kuwa ba ta bukatar komai, da kanta take leƙa kwamfuta ba tare da waya ba, ta ɗauko duk abin da ke cikin ma'ajiyar da aka buɗe mata. Na yi masa tambayoyi uku: ko tana sarƙewa idan bidiyo ya yi nauyi, ko tana karɓar wanda aka ɗauka da wayar hannu, ko wutar sola za ta riƙe ta. Ya gwada mini, hoto ya fito tar, har gashin jelar doki ana ƙirgawa. Ya ce: "Baba, wannan ko ƙuda ya sauka a kan saniya sai an ga ƙafarsa." Na ɗauki ta biyu ina murna. Ban tambaye shi abin da take yi idan bidiyo ya ƙare ba.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, idan muka tarar da cuta a garke, mukan ɗauki bidiyo mu aika wa manyanmu tare da rahoto, ba don idon kowa ba. Watanni kafin haka, ciwon huhu ya shiga garken wani makiyayi na wajen Kurugu, Malam Buba. Shi da kansa ya zo ya same ni, abin da makiyaya kaɗan ne suke yi, domin wanda aka ji garkensa da wannan ciwo, an guje shi ke nan a mashaya da kasuwa. Da na ɗaga waya zan ɗauka, ya riƙe hannuna ya ce: "Malam, amana." Na ce: "Amana, in Allah Ya yarda." Ya ware marasa lafiya, muka yi magani, wasu suka mutu, sauran suka tashi. Ni kuwa na adana bidiyon a ma'ajiya ɗaya da na koyarwa, saboda ganda.

Ranar taron da hantsi, mutanen Kurugu da Kwanyawa suka cika zaure, har da baƙi daga wajen Rogo. Malam Buba yana sahun gaba. Bidiyon farko ya tafi lafiya, Ardo yana dariya yana cewa yau kam ya ga saniya. Da ya ƙare na juya ina amsa tambayar wani dattijo. Ashe na'urar ba ta tsayawa, wucewa take yi zuwa na gaba da kanta.

Sai na ji tari a bayana. Na waiwaya, ga jar saniya ta miƙe wuya tana numfashi da ƙyar. Mu ma'aikata saniya kawai muke gani. Makiyayi kuwa kunne yake fara dubawa, domin kowane gida da irin tsagar da yake yi wa kunnen shanunsa. Wani daga cikin mutanen Rogo ya nuna da sandarsa ya ce: "Af! Wannan ai tsagar gidan Buba ce."

Na rasa inda na ajiye rimot, sai na fizge wayar wuta. Malam Buba bai ɗaga kai ba. Ya tashi, ya saɓa sandarsa, ya fita ba sallama.

Na yi wa Ardo bayani cewa tsohon abu ne, shanun sun warke. Ya ce: "Malam, ba kai ka koya mana cewa wadda ta warke tana iya ɗauke da ciwon ba? Ko yau karatun ya canza?" Gaskiya kuwa ya faɗa. A makon nan aka hana garken Malam Buba mashaya. Dillalai suka daina taya ko ɗan maraƙinsa. Kafin kaka ya tayar da rugarsa.

Dokta ya so ya sauƙaƙa mini, ya ce laifin na'ura ne. Na ce: "Ranka ya daɗe, na'ura ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ni na yi."

Ranar da zai tashi na iske Malam Buba yana ɗaure kaya, na durƙusa na nemi gafararsa. Ya dube ni ya ce: "Na yafe maka, Malam, saboda Allah. Amma a nan aka binne mahaifina, kuma ga shi zan tafi. Da na yi shiru kamar kowa, da ina gidana."

Maganarsa ta zaga rugage. Shekarar nan ba wanda ya ƙara kawo mana rahoton cuta. Da ciwon ya ɓulla a wajen Kwanyawa, a bakin mahauta muka ji, bayan shanu sun riga sun zube.

Na karanta babin amana a gaban malamaina tun ina matashi, na kuma karantar da shi, amma ban gane cewa yana shiga har cikin sayen kayan ofis ba sai a ranar. Aikinmu ba a kan allura ya tsayu ba, a kan yardar makiyayi ya tsayu, kuma idan ta tafi ba a kiranta da takarda. Duk wanda aka aika a cikinku ya zaɓo na'ura, kada ya tsaya a kyan hotonta. Ya tambayi abin da take iya nunawa ba da izininsa ba, ya kuma raba abin koyarwa da sirrin mutane tun kafin ya kunna ta.

Allah Ya gafarta mini, Ya musanya wa Malam Buba da mafi alheri a inda ya sauka. Mai karatu kuma, Allah Ya kiyaye shi da iyalinsa, Ya sa albarka a aikinsa da gidansa. Amin.