Goyon da Aka Kwance a Bakin Ƙofa

Na ga abubuwa da yawa tun da ɗana ya ɗauko ni daga Zariya ya kawo ni ƙasar nan ta Amurka. Wasu sun fice mini da kansu, wasu ni na sake su. Amma ranar da aka kwance wa ƙawata goyo a bakin ƙofa, wannan tana nan tare da ni har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Ku ba ni hankalinku, 'ya'yana, in faɗa muku yadda aka yi.

A Largo muke zaune, can inda jirgin ƙasa yake ƙare tafiyarsa ya juya. Ɗana yana aiki a asibiti, matarsa ma haka, yara suna makaranta, ni kuwa in wuni ina kallon taga. Ana nan ana nan, wata Juma'a a masallaci na ji wata tsohuwa a bayana tana cewa, "Wanga sanyi sai ya kashe mutum." Na juya na ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Ta ce daga Maraɗi. Tun daga ranar muka ƙulle, ina kiranta Hajiya. Ashe ma layi ɗaya ne tsakanin gidanmu da nasu.

Ɗanta direban tasi ne, ya auri wata Baƙar Amurka mai aikin ofis, yarinya mai natsuwa, suka haifi namiji. Hajiya ta zo ne ta yi renon jikan nan na 'yan watanni kafin bizarta ta ƙare. Shi ne jikanta na fari ta wajen ɗan nan, kuma ta daɗe tana roƙon Allah ya nuna mata shi. Ba ta iya Turanci ba, surukarta ba ta iya Hausa ba, amma yaron ya haɗa su. Da safe uwar za ta tafi aiki, Hajiya ta sunkuya ta ɗora shi a baya, ta ja zane, ta ƙara tawul a sama ta ɗaure tamau. A haka take shara, a haka take girki, tana yi masa tsiya. "Kai angona, ba ka kawo cefane ba, sai nauyi kamar buhun hatsi." Yaron ya ƙi keken turawa, ya ƙi gadonsa mai tsada. Bayan kakarsa kawai ya sani.

Akwai wata kasuwar gwanjo da take ci ranar Asabar a wani babban fili a wajen gari. Ni na saba zuwa, don tana tuna mini da gida: rumfuna, hayaniya, a taya a rage. Wata Asabar da uwar yaron ta tafi aiki, ɗan Hajiya ya sauke mu a can ya wuce neman fasinja, muka ce za mu komo a bas. Muna cikin zagayawa yaron ya yi tumbuɗi, ya ɓata tawul ɗin goyon gaba ɗaya. Hajiya ta ce sai an samu wani, don da zane kaɗai ba ta yarda da ɗaurin ba.

Can wajen ƙarshen layi muka ga wata rumfa ta cika da jan kaya. Tutoci ne manya suna kaɗawa, ga huluna, ga riguna, ga tawul-tawul, duk zane iri ɗaya: ja wur, da layi biyu shuɗaye da suka gitta juna, da fararen taurari a jere cikinsu. A ƙasar nan ko'ina tuta ce, a ƙofar gida, a mota, a kanti, duk ja da shuɗi da taurari. Mu a ganinmu wannan ma 'yar'uwarsu ce. Hajiya ta shafa tawul ɗin ta ce, "Yaya, ji kauri. Wanga ba ya zamewa."

Mai rumfar wani farin mutum ne mai jiki, da furfura a gemu. Da ya gane abin da muke so, fuskarsa ta washe. Ya rage mana kuɗi ba mu ko roƙa ba. Da Hajiya ta ɗaure yaron da shi, taurarin nan suka kwanta a gadon bayansa, sai mutumin ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, suka zo suna tafi. Ya ɗaga waya, ya yi mana alama yana so ya ɗauki hoto. Mun saba da wannan, don Turawa ba sa gajiya da kallon goyo. Hajiya ta gyara kallabi, ta juya masa baya, ta waiwayo tana murmushi. Da muka wuce har addu'a ta yi masa, ta ce ko cikin Turawa akwai 'yan halak.

Daga nan kallo ya yi yawa. Wata baƙar mace ta tare mu tana magana da zafi-zafi, tana nuna bayan Hajiya. Muka ɗauka cewa take yi yaron zai faɗo. Na ce mata "Tankiyu," muka ƙara gaba. A cikin bas aka yi tsit, ba wanda ya zauna kusa da mu. Allah Sarki, mu muna ta hirar tsadar kuɓewa.

Da muka iso gida, muka tarar uwar yaron ta dawo, kuma mahaifiyarta ta zo ziyara. Ita ma tsohuwa ce, doguwa, mai farin gashi, tana tafiya da sanda. Ita ta buɗe mana ƙofa da fara'arta. Hajiya ta juya don ta nuna mata jikansu yana barci.

Ban taɓa ganin fuska ta mutu a kan mai rai ba sai ranar. Sandar ta faɗi. Matar nan ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta miƙa hannu ta kama ƙullin goyon a ƙirjin Hajiya ta warware, ta zare yaron ta rungume shi, tawul ɗin ya zube a ƙasa. Ku da kuka tashi a nan ba za ku san nauyin wannan ba. A wurinmu ba a kwance wa mace goyo da hannun wani sai in an ce ba ta isa ta riƙe ɗan ba. Hajiya ta tsaya da zane a kwance a ƙugu, tana duban wannan tana duban wancan. "Mi na yi? Yaya, tambaye su, mi na yi?" Uwar yaron kuwa ta fashe da kuka ta haye sama da ɗanta.

Sai da ɗan Hajiya ya dawo muka ji bayani. Ya zauna a ƙasa gaban uwarsa, kansa a sunkuye. Ya ce wannan ba tutar ƙasar ba ce. Tutar mutanen Kudancin ƙasar ce, waɗanda a zamanin da suka ɗauki makami don kada a 'yanta bayi, kuma bayin nan baƙaƙe ne da aka kwaso daga wajenmu. An ci su da yaƙi, amma tutar ba ta mutu ba. Bayan nan masu ƙona gidajen baƙaƙe da masu rataye su a bishiya suka riƙa ɗaga ta. Sai tsohuwar nan mai sanda ta yi magana a hankali, yana juya mana da Hausa. Ta ce tana yarinya a can Kudu, lokacin da aka fara shigar da su makarantar farare, manya ne suke jeruwa a bakin hanya da wannan tutar suna tofa musu yawu. Ta ce har yau in ta gan ta a jikin mota, sai ta ji sanyin yawun a wuyanta. Yau kuma ta buɗe ƙofa ta ga an naɗe jikanta a ciki.

Uwar yaron ta ce ta san ba da gangan ba ne, amma zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Daga ranar ba goyo, ba fita da shi. Aka sa shi gidan reno. Hajiya ta koma wuni ita kaɗai, abinci sai an matsa mata. In na je in tarar ta sunkuya tana wanke-wanke, tana jijjiga baya ba kowa a kai.

Wata rana ta ce mini, "Yaya, na yi tunani. Wanga bawan Allah mai rumfa, shi ma bai sani ba. Sari ya yi, aka cuce shi. In ba a hwaɗa mishi ba, haka zai ta saida ma mutane abin kunya." Haka ake yi a kasuwanninmu. In ka ga ɗan kasuwa ya shimfiɗa kayan da za su ja masa zagi, ka ja shi gefe ka raɗa masa, in ya ƙi ji a kai wa sarkin kasuwa. Ɗanta ya ce, "Inna, don Allah ki bar maganar nan." Ta ce, "Mutum ya yi mini alheri in bar shi cikin duhu? Tashi ka kai ni."

Ta wanke tawul ɗin, ta goge shi, ta ninke, don kada a ce ta mayar da kaya da datti. Asabar muka koma mu uku. Rumfar tana nan, tutocin suna kaɗawa, har mutane na saye. Hajiya ta yi sallama, ta ajiye tawul ɗin a kan tebur da hannu biyu, ta sassauta murya yadda maƙwabta ba za su ji ba. Ta ce wa ɗanta, "Hwaɗa mishi ba kuɗina ni ke so ba. Hwaɗa mishi abin ga na masu kisan mutane ne, shi kwashe tun bai ji kunya ba."

Ɗan nata ya faɗa. Mutumin ya dube mu, ya gane mu, sai ya tuntsire da dariya. Ya kira maƙwabcin nan nasa. Ya zaro waya ya latsa, ya juyo mana da ita. Ga Hajiya tana murmushi, ga jaririn cikin taurari, ga rubuce-rubuce rututu a ƙasa da 'yan fuskokin nan masu dariya har da hawaye. Ya yi wata magana mai tsawo yana nuna hoton.

"Mi ya ce?"

"Inna, mu tafi."

"Na ce mi ya ce?"

"Inna, don girman Allah mu tafi."

Jijiyar wuyan ɗan Hajiya ta tashi, hannunsa ya dunƙule, na riƙe masa riga na ce, "Kai, kana da iyali." Har yau bai faɗi abin da mutumin ya ce ba, kuma ba mu bukaci ya faɗa ba. Hajiya ta dubi mai rumfar ta daɗe. Sai ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ashe ya sani. Tun ranar ya sani."

Duk da haka ta ce a kai ta wurin sarkin kasuwa. Muka sami wata mata a ɗan ofis kusa da ƙofar shiga. Ta saurare mu, ta ce ita ma abin ba ya mata daɗi, amma doka ba ta hana sayar da shi ba, kuma hoton da ya riga ya bazu ba ta da ikon dawo da shi. Hajiya ta ce, "To mi ne ne aikinta?" Muka fito. A mota ba ta yi kuka ba. Carbinta kawai take ja, ba na jin tana karanta komai.

Labarin zuwanmu ya kai kunnen surukan. Ana saura kwana kaɗan Hajiya ta tafi, sai ga tsohuwar nan da sandarta, ta sa an kira ni. Uwar yaron ta sauko da shi, idonta jawur, ta miƙa wa Hajiya, ta nuna bayanta. Wato an yafe, ta goya shi. Yaron yana ganin kakarsa ya fara zillo yana miƙa hannu.

Hajiya ta karɓe shi, ta sunsuni kansa, ta ce, "Angona, ka rame, ba su ba ka tuwo." Ta ɗauko zane, ta sunkuya. Muna jira. Sai ta miƙe a hankali ta girgiza kai. Ta ce, "Ba ni iyawa. In na ɗora shi sai in ji dariyar mutumin ga a bayana." Muka yi lallashi, ɗanta ya roƙa, ta ce a'a.

Sai ta kama hannun tsohuwar nan, ta karɓi sandar ta ba ni, ta dafa kafaɗarta ta sunkuyar da ita. Ta ɗora mata yaron, ta ja zanen, ta nuna mata yadda ake tura gefe ƙarƙashin hammata, yadda ake ƙullawa a ƙirji. Matar ta miƙe da ƙyar, ta kai hannu baya ta tallafe shi, hawaye na bin fuskarta. Yaron ya yi ɗan ƙorafi, ya kwantar da kai. Hajiya ta koma gefe ta zauna tana kallonsu, hannuwanta a kan cinya.

Ta koma Maraɗi ba ta sake goya shi ba. Bayan damina aka bugo mana cewa Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.

Abin da na koya, 'ya'yana, shi ne ƙyalle ma yana da tarihi, kuma baƙo ya tambaya kafin ya yafa abin da ya gani a ƙasar mutane. Na kuma koyi cewa doka tana iya barin mutum ya shimfiɗa ciwon wasu a tebur ya sa masa kuɗi, amma barin doka ba ya wanke shi. Wanda ya yi kuskure cikin rashin sani, mutane suna yafe masa, ko da shi ya kasa yafe wa kansa. Wanda kuwa ya sani, ya dubi tsohuwa da jariri ya ga abin dariya, wannan na bar shi da Mahaliccinsa.