Mutumin da Na Yanke Daga Gefen Hoto

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mai saka hotuna a gilashi ne a bakin kasuwar Illela, kuma ni ne babba a gidanmu. Ƙanena ya sayar da gonar da Baba ya ba shi a Kalmalo, ya tafi Libiya, ya dawo ko takalmin kirki babu. Baba ya yanka masa rago. Ni da na yi shekaru ina ɗawainiya da tsohon nan, ko zakara ba a taɓa yanka mini ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, tun ranar na daina sa hannu a kwano ɗaya da su. Har shago Baba ya zo yana dogara sanda, ya roƙe ni in riƙa zuwa cin tuwon dare, na ce masa aiki ya yi yawa.

Ana cikin haka wata tsohuwa Kirista daga Konni ta kawo hoton da mijinta marigayi ya bari, kwafin wani zanen Turawan dā. Wani dattijo ne ya rungume saurayi mai tsumma da ya durƙusa, can gefe kuma wani yana tsaye ya murtuƙe fuska. Gilashin da nake da shi bai kai girman hoton ba, sai na yi abin da muka saba, na sa reza na rage gefen. Na ɗauka mai tsayuwar ɗan kallo ne. Kafin yamma an share shi an ƙone da shara.

Da ta dawo ta gani, zama ta yi a kan benci. Daga baya ta ce misali ne daga Linjila, na ɗan da ya lalatar da rabonsa ya dawo uban ya yi masa biki. Wanda na yanke shi ne yayan saurayin, da ya yi fushi ya ƙi shiga gida, uban ya fito yana lallashinsa. Ta ce a nan labarin ya tsaya, ba a faɗa ko ya shiga ba, kuma saboda shi mijinta ya ajiye hoton. Na ba ta haƙuri, amma wallahi haushi ne ya cika ni, don kamar leƙa gidanmu aka yi. Na ce a raina zan je cin tuwon nan, amma sai ƙanen nawa ya fara zuwa ya gaishe ni. Bai zo ba, ni ma ban je ba, har Baba ya rasu.

Ranar addu'ar uku aka ajiye mana tuwo a kwanon Baba, muka ci ni da ƙanena ba mai kallon wani. Har gobe ina ganin ni ke da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta tsinana mini komai ba. Don Allah, duk wanda mahaifinsa ya tako ya kira shi, ya rufe shago ya bi shi. Nawa ba zai sake zuwa ba.