Takabar Nasiban

Duk wanda ya taso a garin Nausori na ƙasar Fiji a wancan zamanin ya san Nasiban mai tsamin mangwaro, wadda ke zama a bakin kasuwa ta wajen kogi. Ba ta da yawan magana, sai tambaya ɗaya. Baƙo in ya tsaya gaban tulunanta sai ta zuba masa, ta yi masa gyara, sannan ta ce, "A can wajenku ba ka taɓa ganin wani dogo bahago ba, mutumin Basti?"

Mijinta take nema, Bakridi. Jirgi ɗaya ya kwaso su daga Kalkata suna sabon aure, aka ɗaure su da girmit, wato kwantiragin shekara biyar na saran rake a gonar Turawa. Wanda ya yaudaro su ya ce Fiji nan take bayan Kalkata kaɗan, Bakridi kuwa ya riƙe maganar gam. Daɗewar da suka yi a kan ruwa ba ta girgiza shi ba. Cewa yake zagaye aka yi ta yi da su don su ɓace hanya, yadda ake yi wa kyanwa in za a yar da ita. In an tashi daga aiki sai ya zauna a ƙofar ɗakinsu yana tufka igiyar ɓawon kwakwa, idonsa na kan duwatsu.

"Gida na bayan dutsen can," in ji shi. "Zan gano hanyar, in dawo in ɗauke ki."

Jinku ne ke tanka masa. Ɗan jirginsu ne, kuma a wurinmu wanda kuka ƙetare ruwa tare ya zama ɗan'uwa, ba a tambayar me yake bauta wa.

"To sarkin hanya, in ka isa ka gaishe min da tsohuwata. Ka ce ta aiko da man shanu, na gaji da gayan gurasa."

"Yi dariyarka, mai kan tulu. Ranar da za mu tafi kai za ka ɗauki tabarma."

Wata safiya, bayan heluman gona ya zane Bakridi da bulala a gaban mutane, aka neme shi aka rasa. Ɗan sanda ya zo ya leƙa ɗakin, ya ce gudu ya yi, ya hau dokinsa. Matan bakin rijiya suka ce wata ya samu a Suva. Wasu suka ce kogi ya ci shi. Nasiban ta je wurin liman, ya ce mata babu gawa, babu saki, saboda haka babu takaba tukuna, sai ta yi haƙuri ta jira.

Nan ta tsaya, ita ba matar aure ba, ita ba gwauruwa ba. In ta idar da sallah ba ta san layin da za ta sa shi a addu'a ba, na masu rai ko na waɗanda suka riga mu. Abin da ya fi cin ta kuwa ba ta faɗa wa kowa: ko ya iske hanyar ne, ya wuce gida, ya manta da ita?

Mata sun yi ƙaranci a lokacin, manema suka yi ta sallama. Jinku ke korar su.

"Ƙanwata, wannan na yau har da haƙorin zinariya. In ce ya jira?"

"Yaya, ce masa mijina ya yi tafiya."

"Tafiyar nan kam ko Makka ce da rarrafe ai ya ci ya dawo."

Girmit ta ƙare, ta kafa tulunanta a kasuwa, don nan ne ƙafar kowa ke bi. Gashinta ya yi furfura tana tambaya.

Wata ranar kasuwa sai ga wata 'yar ƙasar, Mereoni, ta sauko daga ƙauyukan dutse da gwaza. Ta rataye tukunyar abincinta a reshe cikin ragaya. Mutanen dutse ba su san ragaya ba, kwandon ganye suke saƙawa. Nasiban ta tashi ta shafa igiyar. Tufkar ta juya hagu, ƙullin gindin kuma biyu ne a haɗe, irin wanda ke rataye a ɗakinta.

"'Yar'uwa, wa ya koya muku wannan?"

Mereoni ta ce babanta ne ya koya wurin wani Ba'indiye da ya ɓullo musu daga daji tana yarinya, ƙafafunsa duk sun fashe. Suka yi jinyarsa, shi kuma ya yi ta tufka musu igiya, yana nuna gaba yana kiran sunan wani gari. Da suka gaji sai suka hau da shi ƙololuwar dutse. Ya duba gaba, ruwa. Ya waiwaya, ruwa. Ya daɗe a zaune.

"Washegari ya ce zai koma. Babana ya nuna masa bayansa, wato bulala na jiransa, ga zazzaɓi a jikinsa. Sai baƙon ya ja mayafi a kansa kamar mace, ya zagaya yatsa a wuyan hannunsa, ya nuna wajen nan. Ya ɗauki gwazar da aka ba shi ya kama hanya. A kan hanyar aka tsince shi. Mu muka binne shi."

Nasiban ta dubi warwaron da ke hannunta. Ba ta yi kuka a kasuwa ba.

Jinku ne ya raka ta, tsofaffi biyu suna hawa suna hutawa, yana mitar gwiwarsa. A gindin wata bishiya aka nuna musu tulin duwatsu. Ta daidaita alƙibla da rana, ta yi masa addu'ar da ta daɗe tana riƙewa. Jinku ya tsaya daga baya, tabarmarta a kafaɗarsa.

"Ga shi na ɗauko tabarmar, sarkin hanya," ya ce a hankali.

Da suka sauko ta zare warwaronta, ta rufe ƙofa, ta shiga takaba. Liman ya aiko cewa lokacinta ya wuce tuntuni, ba ta hau kanta ba. Ta ce a gaishe da malam, a gaya masa ita a wurinta yanzu ya rasu.

Ranar da ta fita ta koma bakin kogi da tulunanta. Baƙo ya tsaya, ta zuba masa, ta yi masa gyara, ta ce ya sauka lafiya. Allah Ya jiƙansu, Ya haɗa su inda babu ruwa a tsakani.