Ramin Bayan Suri

Har yau, da na ji ƙamshin goruba sai fadamar bayan gidanmu ta faɗo mini a rai. A can kakana ya haƙa ramukansa bakwai.

Falke ne, ya daɗe yana bin ayarin goro zuwa Gwanja. A zango, idan an saki jakuna kiwo, sukan sami sanda mai lanƙwasa su riƙa bugun ƙwallon goruba zuwa rami. Wanda ya jefa da bugu kaɗan shi ya ci. Da ƙafa ta gaza, sai ya kwaso wuraren da suka fi ba shi wuya ya dasa su a gida. Akwai ramin Nupe, sai ka tsallake rafi. Akwai na tudu, ƙwallo ya hau ya gangaro maka. Sai na bayan suri, wanda ba ka ganinsa sam. Bayan girbi samari har daga Tabanni suke zuwa, tsoho ya kunyata su.

Shekarar da idonsa ya rufe, mutanen Gayam suka aiko a yi musu irin ramukan. Baffana ya ce a ba su haƙuri, makaho ba ya tsara fili. Maganar nan ta yi wa kaka ciwo, na gani a fuskarsa. Kaka ya ce ni in tafi, ko da yake yaro ne ni a lokacin, ai na haddace takun kowane rami. Idan na ɓata kuwa, maganar baffa ta tabbata.

Na tafi ina hura hanci, na ƙirga taku daidai, na haƙa. Ashe da 'yan ƙafafuna na auna! Ranar gwaji aka kawo kaka a kan jaki. Bugun farko, ƙwallo ya wuce ramuka biyu, jama'a suka fashe da dariya. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

"Kai ja'iri, da ƙafar kaza ka auna?" in ji kaka. Ya sauko ya dafa kafaɗata. "Ba taku ake ɗaukowa ba, abokina. Nemo mini inda gaban mutum zai faɗi kafin ya buga."

Muka zaga, ina faɗa masa abin da ke gabanmu, har muka iske wani suri a gindin tsamiya. Ya shafa shi, ya ce in haƙa a baya. Gwanin Gayam ya yi bugu shida bai jefa ba. Baffa ma ya karɓi sanda ya gwada, ya kasa, ya ajiye. Shi ya ja wa kaka jaki har gida.

Yanzu daji ya cinye fadamarmu, ramukan sun cike. Amma kwanaki na bi ta Kusasu, na tarar da yara suna haƙa rami a bayan suri. Na tambaye su dalili, suka ce haka suka gada. Ni kuwa na san makahon da ya fara ganinsa.