Abin da Ke Ƙarƙashin Falon Malam Uwais

Malam Uwais Nagoda ya yi aikinsa na gwamnati a matsayin mai buga takardu a wani ofishi a unguwar Kongo, har ya yi ritaya. Mutum ne marar hayaniya, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ya ɗauke masa hankali tun yana saurayi: sauti mai kyau. Idan ya wuce shagon masu sayar da kaset ya ji lasifika tana kuka, sai ya tsaya ya roƙe su su rage, kamar dabba ake zalunta.

Bayan ritaya ya sayi wani tsohon gida a Tudun Wada, ya koma da matarsa Ummuhani. Sai ya cika burin da ya daɗe da shi: ya kawo risiba ta gwanjo, wato na'urar da ke rarraba sauti zuwa lasifiku, da ƙananan lasifiku, da wufa baƙa mai girman akwatin aure, wadda aikinta fitar da sauti mai kauri.

Shi da kansa ya haɗa wayoyin. Ya yi wa Ummuhani bayani tana tsaye da tsintsiya: akwai wata iyaka a cikin risibar da ake kira kurosoba. Duk sautin da ya fi iyakar kauri wufa ake tura wa, sauran kuma ƙananan su ɗauka. Ya saita ta a tamanin, ya sa faifan kalangu.

Falon ya cika da sauti. Amma da faifan ya ƙare, kaurin bai tsaya tare da shi ba. Ya ɗan ci gaba, ƙasa-ƙasa, kamar mutum ya ja numfashi ya sauke.

"Malam, wa ya yi nishi?" in ji Ummuhani.

"Ɗaki ne. Kowane ɗaki da halinsa."

Ya yi kwanaki yana fama. Ya ɗaga iyakar zuwa ɗari, ya sauke ta zuwa sittin, ya ja wufar daga kusurwa zuwa gindin taga. A ko'ina nishin yana nan, kuma ya fi ƙarfi a wuri guda, tsakiyar falon, inda aka shimfiɗa darduma. Wanda ya tsaya a nan sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, tafin ƙafarsa ya yi sanyi. Kyanwar gidan ta daina bi ta wurin, sai ta kewaya ta jikin bango.

Risibar tana da ɗan makirfo da take auna ɗaki da shi. Wata rana da hantsi Malam Uwais ya ajiye shi a kan dardumar, risibar ta yi 'yan ƙararrakinta, sannan ta nuna nisan kowace lasifika. Na ƙananan ya fito daidai. Nisan wufar kuwa, wadda yake iya taɓawa da sanda, ya fi tsawon gidan gaba ɗaya. Ya sake aunawa. Nisan ya ƙaru.

Ranar Ummuhani ta shiga wajen maƙwabciyarsu Inna Ishatu, tsohuwar da aka kawo unguwar tana amarya, ta ba ta labari. Tsohuwar ta yafa mayafi ta biyo ta. A bakin ƙofar falon ta tsaya, ta ƙi shiga.

"Malam, nan ai tsakar gida ne a da," ta ce. "Inda dardumar nan take, rijiya ce."

"Rijiya, Inna? Ba wanda ya faɗa mini."

"Wa zai faɗa? Mun sha ruwanta, ruwa mai daɗi. Amma in ka yi magana a bakinta, ba ta maido maka nan take kamar kowace rijiya. Sai ka juya za ka tafi, sannan ka ji. Kuma ba koyaushe abin da ka faɗa take maidowa ba. Da mata suka daina zuwa, mai gidan ya sa aka rufe ta da siminti."

Malam Uwais ya ce rami ne kawai, rami kuwa dole ya riƙe sauti. Ya faɗa da ƙarfi, amma bai sake kunna wufar ba. Ummuhani ta ce ko a cike rijiyar ko ta koma gidan yayanta a Dutsen Abba.

Ya kira wani magini, Salmanu. Ranar babu wuta a unguwar tun safe, komai a kashe. Salmanu ya fasa daɓen, ya ɗaga murfin rijiyar, iska mai sanyi ta taso da warin laka. Suka leƙa da tocila. Ruwan yana can ƙasa, baƙi ƙirin, yana rawa, zobe bayan zobe daga tsakiya, yadda ruwan kofi yake yi in an ɗora shi a kan wufa. Ba mota a layin, ba injin niƙa.

"Malam, kun kunna wani abu ne?" Salmanu ya tambaya a hankali.

Malam Uwais ya girgiza kai. Suka ci gaba da kallon ruwan. Salmanu ya yi bisimilla, ya zuba shebur na farko.

An cike ta da yashi da baraguzai, an yi addu'a, an sake daɓe. Malam Uwais ya mayar da kurosoba tamanin, ya kunna. Sautin ya fito tsaf, ya tsaya inda faifai ya tsaya. Ya saurara na ɗan lokaci, ya kashe. Mako bai zagayo ba ya kyautar da kayan ga ɗan ƙanensa Nasrullahi.

Yanzu ya tsufa, yawanci a zaure ake samunsa da ƙaramar rediyo. Ummuhani ta ce lafiyarsa ƙalau, yana ci yana barci. Abu ɗaya ta lura da shi: duk lokacin da zai shiga falon, ko ba kowa a ciki, sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya ɗan jira, sannan ya shiga.